Yadda Ake Zaɓen Inshorar Mota da Neman Sauƙi ta Hannun Wakilin Kamfani

Yawancin masu mota a Najeriya ba su taɓa zaɓen inshora da kansu ba. Mutum zai ba wani yaro kuɗi a bakin ofishin lasisi ya sabunta masa fatikula, yaron ya dawo da takardu a maƙale da juna, ta inshora na ciki, a cusa su a aljihun gaban mota sai baɗi. Ka tambaye shi sunan kamfanin da ya yi masa inshorar, sai ya ɗauko takardar ya duba. Ranar da aka yi karo kuwa, ko tunawa da ita ba ya yi, daga aljihunsa zai biya.

Na daɗe ina yin wannan hidima, ta motata da ta 'yan uwa da motocin wurin aiki. Abu na farko da ya kamata sabon shiga ya riƙe shi ne hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta riga ta yanke mafi ƙarancin farashi. Saboda haka duk sauƙin da za ka samu na gaskiya, a cikin sharuɗɗan yarjejeniya za ka tono shi, kuma wakili nagari ne ya san inda yake. Wanda ya yi maka tayin ƙasa da farashin hukuma, takarda kawai ya sayar maka.

Abin da za ka haɗa kafin ka fita

- Takardar lasisin mota da takardar shaidar mallaka.
- Takardun kwastan da rasit ɗin saye, musamman in motar 'yar Kwatano ce kuma cikakkiyar inshora kake so.
- Lasisin tuƙi da bai mutu ba, naka da na duk wanda zai riƙa jan motar.
- Katin shaidar ɗan ƙasa.
- Lambar shasi da lambar injin. Daga jikin motar za ka kwafo su, kada ka dogara da abin da ke takarda. Ta shasi haruffa da lambobi 17 ce, galibi tana can ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ƙarfen da ƙofar direba ke rufuwa a kai.
- Hotunan motar da rana tsaka: gaba, baya, gefe da gefe, ciki, da agogon da ke nuna tafiyar da ta yi.
- Tsohuwar takardar inshora, in akwai.
- Farashin motar a kasuwar yau. Tambayi dilolin mota biyu ko uku nawa za su sayar da irinta, mai shekarunta da lafiyarta.
- Waya mai kati ko data, da asusun bankin da za ka tura kuɗi daga ciki.

In takardun motar har yanzu da sunan wanda ya sayar maka, ka fara yin canjin mallaka. Kamfani sunan da ke kan yarjejeniya ya sani, kuma ranar biyan diyya zai nemi shaidar cewa motar taka ce. In lambar da ke jikin motar ta saɓa da ta takarda ko da harafi ɗaya ne, a gyara a ofishin lasisi tukuna.

1. Ka tantance abin da kake son a kare

Kashi uku ne manya. Na farko shi ne wanda ake kira tad-fati, wanda doka ta wajabta wa kowace mota da ke hawa titi tun dokar 1945. Wannan ba motarka yake karewa ba. Ɓarnar da ka yi wa wani yake biya: ka daki motar mutum, ka ture katangar gidansa, ka afka wa rumfar mai shayi, ko ka ji wa mai tafiya a ƙasa ciwo. Taka motar kuwa ko ta yi raga-raga, kai da bakanikenka ne.

Daga 1 ga Janairun 2023 NAICOM ta ɗaga kuɗinsa na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. A wannan sanarwar, motar da mai ita ke ɗaukar kayan kansa da ita 20,000 ce, diyya har miliyan 5. Manyan motocin dakon kaya 100,000, diyya miliyan 5. Adaidaita sahu 5,000, diyya miliyan 2. Babur 3,000, diyya miliyan 1. Diyyar rauni da ta rasa rai sashe ne daban, ba a cikin waɗannan miliyoyin ake cire ta ba. An sa hannu a sabuwar dokar inshora a shekarar 2025, don haka ka nemi wakili ya nuna maka sanarwar farashi ta ƙarshe da hukuma ta fitar kafin ka biya.

Na biyu shi ne tad-fati haɗe da gobara da sata. Duk abin da na farko ke yi yana yi, sannan in motarka ta ƙone ko aka sace ta, a biya ka. Karo dai babu.

Na uku ita ce cikakkiyar inshora, wadda 'yan harkar ke ce wa kwamfrihensif. Ta haɗa duka, har da gyaran motarka ko kai ne da laifi. Hukuma ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, bayan an cire kowane irin rangwame. Ke nan motar miliyan 8, naira 400,000 a shekara.

Tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo neman shawara guda ce: in ka wayi gari babu motar nan, za ka iya sayen wata cikin wata biyu ba tare da ka taɓa jari ko kuɗin makarantar yara ba? In ba za ka iya ba, kuma motar na da daraja, ka yi lissafin cikakkiya. In tsohuwa ce da kowane mako tana gareji, tad-fati na gaske ya wadatar, kamfanoni da yawa ma ba sa son yi wa motar da ta kwana biyu sosai cikakkiyar inshora. Motar da aka saya da bashin banki ko na ƙungiyar ma'aikata kuwa ba ka da zaɓi, masu bashin za su ce sai cikakkiya.

In kuɗinka bai kai ba, akwai tsaka-tsaki. Wasu kamfanoni na da tsarin tad-fati da aka ɗora wa ɗan kason gyaran motarka zuwa wani adadi. Ba kowane wakili ne zai fara ambata maka shi ba, domin kamashonsa bai kai na cikakkiya ba. Kai za ka tambaya.

2. Ta gargajiya ko takaful

Mutanenmu da dama sun guje wa inshora saboda shakkar halascinta. Ga mai wannan damuwa akwai takaful, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013. Kuɗin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, kamfani na juya shi a harkokin da babu riba irin ta ruwa, a ƙarƙashin sa idon kwamitin malamai. Daga kamfanonin da ke wannan aiki akwai Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. Takardarsu karɓaɓɓiya ce a hanya kamar ta kowa.

Abin da ya shafi aljihu a nan shi ne rarar kuɗi. In shekara ta ƙare asusu ya yi saura bayan an biya masu asara, akan raba wani kaso ga waɗanda ba su nemi diyya ba. Ba alkawari ba ne na kowace shekara, kuma ba wani kuɗi ne mai yawa ba ga mai tad-fati. Tambayi wakilin yaushe suka raba na ƙarshe, kuma ta wace hanya yake isa hannun mutum.

3. Ka nemi mutumin da za ka yi hulɗa da shi

Nan ne aka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe.

Mutum uku za ka ci karo da su. Akwai wakili, wanda ke sayar da hajar kamfanin da ya ɗauke shi. Akwai dillalin inshora, wanda shi naka ne, yana zagaya kamfanoni ya kwaso maka farashi, ƙungiyarsu ita ce NCRIB. Su biyun nan dole su kasance da lasisin NAICOM. Sai na uku, ɗan kamashon da ke zaune a kan benci a gindin bishiya kusa da ofishin lasisi ko bakin tasha, da jaka a hammata. Shi ba wakilin kowa ba ne. A cikinsu akwai masu kai kuɗinka kamfanin gaske su ci ɗan abin da ke kai, akwai kuma masu shiga shagon kwamfuta na bayan layi su bugo maka takarda mai tambari da hatimi, wani lokaci ma da sunan wata ƙungiya da ba kamfanin inshora ba ce sam. A ido ba za ka bambance ta da ta gaske ba.

Ga mai mota ɗaya ko biyu, wakili ya isa. Mai motocin haya ko na kamfani da yawa, dillali ya fi masa.

Hanyar samun nagari ita ce ka tambayi wanda aka taɓa biya diyya. Kowa zai iya yabon wanda ya sayar masa da takarda cikin fara'a. Wanda motarsa ta yi haɗari, wakili ya ɗaga waya, ya zo, ya bi takardu har kuɗi suka fito, shi ne shaidarsa ke da nauyi. Masu gyaran jikin mota da fenti ma sun san kamfanonin da ke biya da wuri da masu jan ƙafa, domin su ke zaman jiran kuɗin.

In ka same shi, kada ku ƙare magana a waya. Ka bi shi reshen kamfanin, ka ga ma'aikatan sun san shi. Ka nemi ganin katin aikinsa da lasisinsa, ka duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi da ke shafin NAICOM na intanet. Ba rashin kunya ba ne, ko da dattijo ne. Kana iya cewa, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba don ban yarda da kai ba, so nake in san ofishin da zan nufa ranar da ba ka gari." Na gaskiya zai ce bismilla, mu je. Wanda ya fara "haba Malam, ni da kai har sai an yi haka?", ka yi masa godiya ka kama gabanka.

In garinku babu reshen kowane kamfani, yawancinsu suna sayar da tad-fati a shafukansu na intanet, takarda ta zo maka ta waya ka bugo. Cikakkiya kuwa sai an duba motar, ko dai su turo mutum ko su karɓi hotuna da bidiyo. Ko a hakan ka nemi a haɗa ka da mutum guda mai suna da lamba a reshe mafi kusa.

4. Ka faɗi gaskiya a kan daraja da aikin motar

Za a ba ka fom. Ka cike da hannunka, ko ka karanta abin da wakili ya cike kafin ka sa hannu. Wurare biyu ne ke kayar da mutane.

Na ɗaya, darajar mota. Tun da kaso ake ɗauka daga darajar, sai mutum ya ga dabara ce ya rage ta. Wani wakilin ma shi zai ba ka shawarar, don ciniki ya faɗa. Ga yadda take ƙarewa. Motarka ta miliyan 8 ce, ka rubuta miliyan 5, ka biya 250,000 maimakon 400,000. Aka sace ta, miliyan 5 ne iyakar abin da za ka gani. In karo ne gyara ya kama 800,000, yarjejeniyoyi da yawa na da sharaɗin cewa a biya ka gwargwadon kason da ka yi wa inshora, wato biyar cikin takwas, 500,000 ke nan, kafin ma a cire naka kason. Ƙara darajar ma ba riba, domin farashin kasuwa za su duba ranar asara, ka biya kuɗin banza ke nan. Da yadda farashin motoci ya yi ta tashi tun faɗuwar naira a 2023, adadin da ka rubuta bara da wuya ya yi daidai da bana.

Na biyu, aikin da motar ke yi. In ka rubuta ta gida ce, alhali da yamma kana kabu-kabu da ita ko kana ɗaukar fasinja ta Bolt, ranar da aka yi haɗari da fasinja a ciki kamfani na da hujjar ƙin biya. Haka mai ɗaukar buhunan kaya zuwa kasuwar ƙauye duk mako. Faɗi aikinta na gaskiya a ba ka farashin da ya dace da shi. Ka kuma faɗi masu tuƙa ta. In ɗanka ko ƙaninka na ɗauka, a tabbatar yarjejeniyar ta yarda da duk direba mai lasisi da ka ba izini. Yaron da ba shi da lasisi kuwa, babu kamfanin da zai biya ɓarnarsa.

5. Ka karɓi tayi a rubuce, ka karanta ƙananan rubutun

Wannan matakin na mai cikakkiya ne. Mai tad-fati ya wuce zuwa mataki na 7, farashinsa ɗaya ne ko'ina, sunan kamfani wajen biya kawai zai duba.

Nemi tayin kamfani biyu ko uku, kowanne a kan takardar kamfanin. Ka jera su a tebur ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Ekses. Shi ne kason da kai za ka ɗauka a duk asarar da ta faru. Za ka ga an rubuta wani abu kamar "kashi 10 cikin ɗari na diyya ko naira 50,000, duk wanda ya fi yawa". A irin wannan misali, in aka fasa maka fitilar baya gyara ya kama 45,000, ko sisi ba za su ba ka ba. In ya kama 300,000, su biya 250,000. In ya kama miliyan 1, su biya 900,000. Kamfani biyu na iya ba ka farashi ɗaya, amma ekses ɗinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Wasu na sayar da damar cire shi gaba ɗaya da ɗan ƙarin kuɗi. Ga mai yawo cikin cunkoson Kano ko Kaduna, inda 'yan adaidaita ke gogar mota kullum, wannan ƙarin yakan biya kansa.

Ambaliya da tarzoma. Kada ka ɗauka kalmar cikakkiya na nufin komai. A yarjejeniyoyi da yawa, ruwa da zanga-zanga da yajin aiki sai an ƙara su da suna. Wanda ya ga motocin da ruwa ya shanye a Maiduguri a watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka sa wakili ya ɗora yatsa a kan layin da ya ambace su.

Ragin tsufa. In aka sa wa tsohuwar mota sabon kaya, wasu kamfanoni na cire wani kaso, a cewarsu motar ta fi yadda take kafin haɗari. Tambayi nawa ne, kuma daga shekara nawa yake farawa.

Sai ƙananan abubuwa: kuɗin janwe zuwa nawa suke biya, gilashin gaba yana da nasa sashe ko sai an bi ta ekses, garejinsu dole ne ko za ka iya kai wa naka bakaniken, da ko suna sharɗanta na'urar bin sawun mota kafin su biya diyyar sata. In sun sharɗanta, wa zai biya kuɗin sa ta da na sabunta ta duk shekara? Na'urar da aka bari ta mutu na iya zama dalilin hana ka diyya.

Lalacewar injin ko giya don tsufa, da fashewar taya ita kaɗai, ba sa ciki a ko'ina. Wannan aikin aljihunka ne.

6. Yanzu sai neman sauƙi

Tun da ka san ƙasan farashi, ka san inda ciniki zai tsaya. In an yi maka tayin kashi 6 ko 7, akwai filin saukowa zuwa 5. Abubuwan da ke sa a sauko:

Shekarun da ka yi ba ka nemi diyya ba. Wannan rangwame sananne ne a harkar, amma sai ka tuna musu. In kamfani za ka canza, karɓo wasiƙa daga tsohon da ke nuna tarihinka.

Tara motoci wuri ɗaya. Taka da ta uwargida da ta shago, ko motocin 'yan ƙungiyarku ta ma'aikata ko ta kasuwa, in suka shiga ta hannun mutum guda, bakinku ya fi ƙarfi. Haka in kana da inshorar gobara ta shago ko ta gida a kamfanin.

Na'urar bin sawu, da gareji mai ƙofa da maigadi inda motar ke kwana. Ka faɗa, a rubuta.

Yarda da ekses mai yawa. In kai mai tuƙi a natse ne, kuma ƙananan gyare-gyare ba sa gagarar ka, ka ɗauki kaso babba a rage maka kuɗin shekara. Ni wannan na fi ba mai doguwar tafiya shawara, wanda babbar asara yake tsoro, ba gogar bamba ba.

In an riga an kai kashi 5, daina jan farashi, koma kan ƙari. Ka ce, "To Malam, na yarda da kuɗin, amma a sa mini ambaliya da tarzoma a ciki, a ɗaga kuɗin janwe, na'urar kuma ku sa da kanku." Sau da yawa wakili ba shi da ikon taɓa farashi, amma yana iya shiga wurin manaja ya fito da biyu daga cikin ukun. A motar miliyoyi, wannan ya fi ragin dubu goma ko ashirin amfani.

Za ka haɗu da mai ce maka zai yi maka cikakkiya a kashi 2 ko 3, ko tad-fati a dubu biyar. Araha ba ta ado. A cikakkiyar, ka nemi tayin a takardar kamfani, ka tambayi me aka cire, domin galibi wani tsari ne mai iyaka aka sa wa babban suna. A tad-fatin kuwa babu abin tambaya, ta bogi ce. Kamashon wakili kamfani ne ke biyan sa daga cikin kuɗin da ka bayar, don haka babu wani "kuɗin aiki" da ya wajaba a kanka. In ka ga dama ka yi masa ihsani don ya kyauta maka, wannan tsakaninku ne.

In kuɗin shekara ya yi maka nauyi a dunƙule, tambayi ko suna da na wata uku ko shida. In ka tara shi a shekara ya fi tsada, kuma ranar da ya ƙare kariya ta ƙare.

7. Biya

Ƙa'idar harkar ita ce in babu biya babu kariya, an kuma tsaurara ta tun farkon 2013. Alkawarin "kawo rabi, ka cika ƙarshen wata" na baka ba ya kare ka. Tura kuɗin asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin, ko na kamfanin dillancin mai lasisi. Kada ka tura asusun mutum, ko da aminin babanka ne. Na san wanda ya ba wani wakili kuɗin cikakkiya a hannu, wakilin ya juya su a wata harka da niyyar zai kai ofis mako mai zuwa, motar ta yi karo kafin makon ya zo. Kamfani ya buɗe littafi, babu sunansa.

Abin da za ka karɓa: rasit na kamfani, satifiket ɗin da ake nuna wa jami'ai a hanya, da cikakkiyar takardar yarjejeniya mai sharuɗɗa. Ta ukun ita ake yawan mantawa, kuma ita ce hujjarka ranar gardama. Duba sunanka, lambar mota, lambar shasi, ranar farawa da ta ƙarewa, harafi bayan harafi.

8. Ka tabbatar kafin ka saki jiki

Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa, NIA, na da rumbun bayanai mai suna NIID, inda kowane kamfani ke shigar da motocin da ya yi wa inshora. Danna *565*11# a wayarka ka bi umarni, ko ka shiga askniid.org ka sa lambar motar. In ta gaske ce za ka ga sunan kamfani, irin motar da ranar ƙarewa. Wani lokaci bayanin kan ɗan jinkirta kafin ya hau. In kwana biyu suka wuce babu shi, koma reshen da kanka da rasit a hannu.

Ka gwada wannan yau a kan takardar da ke motarka. 'Yan sanda sun fara tsaurara binciken tad-fati a faɗin ƙasa daga 1 ga Fabrairun 2025, kuma wannan rumbun ake dubawa, ba kyan hatimi ba.

Mai ƙetara iyaka da mota, akwai katin ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda ke kare ɓarnar da ka yi wa wani a ƙasashen da ke cikin tsarin, kuma sanarwar NAICOM da ta fara aiki a 2023 ta haɗa shi cikin kuɗin inshorar. Ka nemi a ba ka shi, sannan ka sa kamfanin ya tabbatar maka yana aiki a ƙasar da za ka, musamman masu bin hanyar Maraɗi da Damagaram, tun da Nijar ta fice daga ECOWAS. Kamaru da Chadi ba 'yan ƙungiyar ba ne, sai ka yi tasu inshorar.

9. Ranar da abin ya faru

Rai ne farko, a kai wanda ya ji ciwo asibiti. Bayan nan, kafin a matsar da motoci in hali ya yi, ɗauki hotuna: inda suka haɗu, lambar ɗaya motar, alamun birki a kwalta, wurin gaba ɗaya. Karɓi suna da lambar ɗaya direban da na shaida ɗaya ko biyu. Kira wakilinka daga nan inda kake tsaye. Yarjejeniya na da wa'adin sanarwa, ka san shi tun yau.

Al'adarmu ce in aka yi karo jama'a su taru, a ba juna haƙuri, wani dattijo ya yanke cewa kowa ya gyara tasa ko wane ya ba wane kaza, a ce Allah ya kiyaye gaba. Ba laifi a yi maganar mutunci, ka jajanta, ka tambayi lafiyar mutum. Sai dai kada ka ce "laifina ne, zan biya", kada ka sa hannu a wata takardar sulhu, kada ka ba da kuɗi da nufin kamfani zai mayar maka. Yarjejeniyar ta hana ka ɗaukar laifi ko yin alkawarin biya ba da yawunsu ba. Abin da za ka ce shi ne, "Ina da inshora, ga sunan kamfanin, ga wakilina a waya, za a bi maka haƙƙinka." In ɓarnar ƙarama ce da ba ta kai ekses ba kuma taka ce kai kaɗai, gyara abinka, kada ka ɓata tarihinka a banza.

Kada bakanike ya taɓa motar sai mai duba ɓarna na kamfani ya gan ta, an kuma amince da kiyasin gyara a rubuce. In akwai rauni, mutuwa ko sata, rahoton 'yan sanda dole ne. In gobara ce, a haɗa da na 'yan kwana-kwana. A sata za su nemi makullan motar duka da takardunta na asali, shi ya sa ba a barin na asali a cikin mota, kwafi ake yawo da shi inda doka ta yarda, satifiket kuma ka ajiye hotonsa a waya.

Duk takardar da ka miƙa, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata. In aka yi ta yi maka jeka-ka-dawo, rubuta wa shugaban reshe wasiƙa. In ba ta yi ba, NAICOM na da sashen karɓar koke-koke a kan kamfanoni, ka kai musu da lambar yarjejeniyarka da kwafin duk abin da ya gudana.

10. Sabuntawa da sayar da mota

Sa wa wayarka tuni saura wata guda inshorar ta ƙare. A wannan watan za ka sake tambayar farashin motar a kasuwa, ka karɓi tayin wani kamfani ko da ba ka da niyyar tashi, ka je wa wakilinka da shi a hannu tare da maganar rangwamen shekarar da ba ka nemi diyya ba. Gibin kwana ɗaya tsakanin tsohuwa da sabuwa, in wani abu ya faru a cikinsa, naka ne.

In ka sayar da motar, inshorar ba ta bin ta zuwa hannun sabon mai ita. Sanar da kamfani a rubuce. In cikakkiya ce kuma da sauran watanni, tambaya ko za a mayar da ragowar kan sabuwar motarka ko a dawo maka da wani abu daga ciki, wanda galibi sai in ba ka karɓi diyya a shekarar ba. Wanda ya saya kuma ya je ya yi tasa da sunansa kafin ya hau titi.